Yadda Za Ka Sayi Tsohuwar Motar Ƙasaita a Kumasi Ba Tare da Ka Sayi Tsatsa Ba

A bayan wani gida a Asawase, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, wata Mercedes 450 SLC ta yi shekaru a durƙushe. Tayoyinta sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya, yara suna wasan direba da fasinja a cikinta. Masu sayen ƙarafa sun sha zuwa su taya ta da kilo. Ranar da na kai mastan da ya koya mini aiki a Magazin, babbar unguwar makanikai da ke Suame a nan Kumasi, ya gan ta, bai ko kalli fentin ba. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya miƙe ya ce, "Yaro, inji ko ya mutu za mu tashe shi. Ƙarfen nan nake wa tambaya." Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan maganar ya fito. A Suame babu injin da ya gagari hannu, amma bodin da tsatsa ta cinye da takardun da suka rikice, su ne ke cinye kuɗin mutum har ya tsani motar.

Mataki na farko: san irin motar da kake nema

Iri biyu ake haɗawa a baki ɗaya. Akwai motar gudu, ƙarama, mai kujera biyu, mara nauyi, wadda aka ƙera don kwana da tsere, kamar MGB ta Ingila da aka yi daga 1962 zuwa 1980, ko Datsun 240Z ta Japan da ta fito a 1969. Akwai kuma wadda ake yi wa laƙabi da GT, daga kalmomin Italiyanci masu nufin doguwar tafiya ta alfarma: mota mai ƙofa biyu, mai babban inji, mai wurin kaya, wadda za ka tashi Kumasi da ita ka sauka Tamale bayanka bai ƙage ba. Lancia Aurelia B20 ta 1951 na cikin na farko da suka ɗauki wannan suna.

Manyan da ake labari, ka san su don hira kawai. Ferrari 250 GTO guda 36 aka yi tsakanin 1962 da 1964, an kuma sayar da ɗaya a gwanjo a Amurka a 2018 kan dala miliyan 48.4. Mercedes 300 SLR mai rufi, wadda guda biyu kacal aka ƙera a 1955, ɗaya ta tashi kan yuro miliyan 135 a 2022. Ita kuwa 300 SL mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fukafukai, guda 1,400 aka yi daga 1954 zuwa 1957, kuma ba don ado aka yi mata ƙofofin haka ba: ƙashin jikinta na siraran bututun ƙarfe ne da suka taso har gefe, babu wurin saka ƙofa irin ta kowa. Idan wani dillali ya rantse maka akwai ɗayan waɗannan a wani gareji a Bantama, ka sha shayinka ka tashi.

Mataki na biyu: zaɓi wadda Magazin za ta iya riƙe maka

Nan ne na fi son mutum ya daɗe yana tunani, domin sha'awa ke sayen mota amma kayan gyara ke riƙe ta.

A ganina, wadda ta fi dacewa da mai farawa a ƙasar nan ita ce Mercedes jerin 107. SL mai buɗaɗɗen rufi ta yi zamani daga 1971 har 1989, an yi fiye da 237,000, ita kuma SLC mai rufin dindindin da kujerar baya ta tsaya a 1981. Yawansu ya sa kayansu ba su ɓace ba. Wadda ke da lamba 280 tana ɗauke da inji mai silinda shida da ake kira M110, irin wanda ke cikin 280E ta jerin 123, motar da kusan kowane tsohon bakanike a Suame ya taɓa kwancewa ya ɗaure. Masu lamba 350, 450, 380, 500 da 560 kuwa V8 ne, wato inji mai silinda takwas. Kuma motar tana da tarihi a maƙwabtanmu: a tseren Bandama na Kodebuwa, Hannu Mikkola ya ci na 1979 da 450 SLC 5.0, Björn Waldegård ya ci na 1980 da 500 SLC. Motar da ta jure jan ƙasar can ba za ta ji tsoron hanyar Mampong ba.

Ta biyu ita ce Peugeot 504 mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, aka yi ta daga 1969 zuwa 1983. Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da na Bandama duka a 1978 da mai injin V6. Mai silinda huɗu tana raba kayan inji da yawa da 504 da iyayenmu suka yi haya da ita, amma ka sani ƙarfen jikinta da gilasanta da fitilunta ba sa shiga na waccan. Gilashin baya ɗaya ya fashe, sai ka jira shi daga Faransa.

Datsun 240Z ta ci Safari a 1971 da 1973, injinta mai sauƙin kai ne, sai dai ƙarfenta siriri ne, tsatsa na sonta. Porsche 911, wadda aka fara nunawa a 1963 da suna 901 kafin Peugeot ya yi ƙorafi kan lamba mai sifili a tsakiya aka sauya, iska ke sanyaya injinta har zuwa 1998, ba ta da lagireto. Mota ce mai daraja, amma masu sanin cikinta a nan ba su da yawa, kuskure ɗaya kuma kuɗin fili ne. Jaguar E-Type, da ta fito a baje kolin Janiba a watan Maris na 1961, ita ce mafi kyawun gani a cikinsu duka, ban yarda a yi mini gardama ba. Amma duk wanda ya sayi tsohuwar motar Ingila ya san kowa ya sayi rariya, zai ga ɗigon baƙin mai a tsakar gidansa kowace safiya. Ƙanwarta XJS mai V12 kuma zafi take tarawa a ƙarƙashin bonet, ga shi cunkoson Kejetia ba ya tausayin lagireto.

Mataki na uku: ta gida ko ta jirgi

Ta gida, wadda ta tsufa a nan, tana da amfani ɗaya babba: za ka gan ta da idonka, ka taɓa ta. Illarta ita ce ta ratsa hannaye da yawa, kowane hannu kuma ya bar dabararsa. Ka tambayi inda ta zauna. Wadda ta yi shekara ashirin a Teshie ko Labadi iskar teku ta shiga kowane lungu nata, wadda ta zauna a Kumasi ko arewa ta fi ta lafiyar ƙarfe. Idan daga Accra aka kawo ta, ka bincika ko ruwa ya taɓa shanye ta, domin ambaliya irin ta 3 ga Yuni 2015 ta nutsar da motoci da yawa a kewayen Circle. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba bayan dashbod ko akwai busasshen laka.

Ta jirgi kuwa, abu biyu ka riƙe. Tun 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, kuma dokar kwastan ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama sai da izini na musamman. Saboda haka ka manta da kasuwar Ingila da Japan, ka nemi ta Amurka ko Jamus ko Faransa. Wannan ba asara ba ce, domin akasarin E-Type da 240Z da SL Amurka aka kai su tun asali. Sai dai SL ta Amurka daga 1974 tana da dogayen bamba masu nauyi da fitilu zagayayyu huɗu, ƙarfin injinta kuma bai kai na Turai ba saboda dokokin hayaƙi. Abu na biyu, motar da ta haura shekara goma tana jawo tarar tsufa a kan harajin kwastan, kuma majalisa ta sake taɓa dokar shigo da tsofaffin motoci a 2020. Kafin mota ta shiga kwantena, ka sa ejan mai lasisi ya tambayo maka GRA, hukumar harajin Ghana, matsayin irin motarka, ya ba ka ƙiyasin kuɗin a rubuce. Motar da ta iso Tema aka rasa kuɗin fitar da ita, kuɗin ajiya ke hawa kanta kullum.

Kada ka tura kuɗi a kan hoto. Ba a cinikin biri a sama. Ka biya wani mai duba mota a can, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya ɗaga ta sama ya ɗauko maka ƙarƙashinta.

Mataki na huɗu: takardu kafin spana

Ka nemo lambar shasi a jikin ƙarfen motar, wadda aka buga da guduma, ka gwada ta da ta faranti da ta takarda. Dole su zama ɗaya harafi da harafi. Lamba mai gurbi 17 da muka saba gani ta zama ƙa'ida ne daga 1981, don haka kada gajeriyar lamba a motar 1973 ta tsorata ka. A Mercedes lambar da kanta tana gaya maka ko wace ce: 107.044 ita ce 450 SL, 107.024 ita ce 450 SLC, 107.043 kuma 350 SL. Idan bayan but an manna 450 amma shasi ya ce 107.043, wani ya yi wa motar ƙarin girma. Lambar injin 450 tana farawa da 117, ta 350 da 116.

Kamfanonin suna riƙe da tarihin abin da suka ƙera. Mercedes na da katin bayanin kowace mota, mai nuna launin asali da lambar inji da kayan da aka saka mata. Jaguar na ba da takardar shaida ta hannun gidauniyar tarihinsa. MG da Triumph, kundinsu na gidan tarihin motoci da ke Gaydon a Ingila. Motar da injinta da shasinta suka dace da wannan bayani ta fi wadda aka sauya wa inji daraja nesa ba kusa ba, ko da ta biyun ta fi gudu.

Sai matsalar da ta fi yawa a zangonninmu: motar gado. Irin waɗannan motoci yawanci na wani Alhaji ne da ya rasu, 'ya'ya goma sha, wasu a Nima, wasu a Jamus. Wanda ke riƙe da makulli ba lalle ne shi ke da ikon sayarwa ba. Ta Asawase da na ambata, wata huɗu na yi ina zarya kafin a gama. Babban ɗan ya ce mini, "Ɗan'uwa, ni na yarda, amma sai Hajiya ta ce to." Na je na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ɗana, da wannan motar aka kawo ni gidan nan. In za ka kai ta a yanka ta ne, bar mini abata." Sai da na yi mata alkawari. Ka tabbata an raba gadon ko magada duka sun sa hannu a gaban shaidu, ka ga takardar kotu ta mai kula da dukiyar mamacin, sannan ku je DVLA, ofishin rajistar motoci, tare a yi canjin mallaka. Kafin alƙalami kaɗan ya isa har a kammala.

Mataki na biyar: farautar tsatsa

Ka je da rana tsaka, motar a bushe, kada ka duba ta da dare ko bayan an wanke ta, domin jiƙaƙƙen fenti kyan ɗan maciji gare shi. Kayan aikinka tocila, sukundireba, da ɗan maganaɗisu da ka naɗe a ƙyalle don kada ya karce fenti. Ka bi jikin motar da shi a hankali. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, an cike wurin da ƙullin masu fenti, kuma a ƙarƙashin ƙullin akwai rami ko tsohon haɗari. Wata togaciya: SL ta 1963 zuwa 1971, wadda ake kira Pagoda saboda lotsawar rufinta, bonet da murfin but da fatar ƙofofinta na alminiyom ne, maganaɗisu ba ya kama su ko suna lafiya.

Kowace mota da inda take ruɓewa. A 107, mugun wurin shi ne bangon da ke tsakanin inji da fasinja, ƙarƙashin ragar da iska ke shiga a gindin gilashin gaba. Ganye na toshe magudanar, ruwa ya kwanta, ya ci ƙarfen daga ciki. Ka sa a kwance murfin fankar da ke wurin ka haska. Idan mai motar ya hana, ka ɗauka ya ba ka amsa. Jiƙaƙƙen kafet a gaba alamar wannan ciwon ne, gyaransa kuma sai an fitar da dashbod gaba ɗaya. Bayan nan ka duba dogon ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi, wuraren da ake kafa jak, da ramin tayar safaya. A E-Type wannan ƙarfen na ƙarƙashin ƙofa shi ke riƙe da motar, in ya ruɓe tana iya lanƙwashewa a tsakiya, ƙofofi su daina rufuwa daidai. A 911 ka duba gindin batir da gindin ginshiƙin ƙofa. Waɗanda aka yi daga 1976 an tsoma ƙarfensu a sinadarin hana tsatsa, sun fi na baya juriya. A 240Z ka duba ƙasan batir da dogayen ƙarafan da ke bin ƙasan bene.

Ka kai ta kan rami ko a ɗaga ta. Baƙin kwalta sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Danna sukundireba. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana nutsewa kamar burodi.

Mataki na shida: inji, da haƙurin tada shi

Motar da ta yi shekaru a ajiye, kada ka bari kowa ya kawo batir ya murza makulli "don a ji muryarta". Cire filogi, ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu da spana. In ya juya, a zubar da tsohon baƙin mai, a sauke tanki a wanke, a sauya duk robar da fetur ke bi. Tsohuwar roba da fetur mai matsi su ne ke ƙona irin waɗannan motoci. A V8 na Mercedes a buɗe murfin sama a duba sarƙar taimin da robobin da take gudu a kansu, domin suna bushewa su karye, sarƙa ta tsallake, fistin ya daki bawul. 380 SL ta Amurka ta 1981 zuwa 1983 da sarƙa mai layi ɗaya ta fito, a mayar da ita mai layi biyu.

Wadda ke tashi kuwa, ka iso kafin a ɗumama ta, ka taɓa injin ka ji sanyinsa. Shuɗin hayaƙi, tana cin mai. Farin hayaƙi mai kauri da bai daina ba bayan ta yi zafi, ruwa na shiga silinda. Farin kumfa a murfin mai ko mai a lagireto, gaskit ya tafi. A auna matsin kowace silinda. Abin nema shi ne su yi kusa da juna.

Fetur mai dalma ya ƙare a duniya tun 2021, a nan kuwa ya daɗe da ɓacewa. Tsofaffin injuna masu kan baƙin ƙarfe, irin na MGB, suna buƙatar a dasa musu mazaunin bawul mai tauri ko a riƙa zuba musu maganin da ke maye gurbin dalmar.

Mataki na bakwai: gyara, da yadda za ka hana a yi maka gyaran gangar Abzinawa

Ina alfahari da Magazin, a can na koyi riƙe spana. Amma hikimarmu ta "a sa ta tashi ko ta halin ƙaƙa" ce, ita kuwa motar tarihi "a bar ta yadda take" take so. Fita, kamar yadda muke kiran bakanike a nan, zai ce maka da zuciya ɗaya, "Masta, wannan injekta wahala ce, bari mu cire mu ɗora kafireta," ko ya kawo shawarar injin Toyota. Motar za ta tashi, darajarta kuma ta faɗi warwas. Na'urar fetur ta Bosch da ke kan 107, ta lantarki a shekarun farko da ta matsi da ta biyo baya, ana gyara ta da agogon auna matsi da littafin kamfani. Nemi tsohon da ya yi aikin Benz tun zamanin 123, ka sayo masa littafin, ka biya shi kuɗin haƙurinsa.

Ka bi wannan jeri: birki da sitiyari da taya, sai fetur da sanyaya inji, sai waya, sai walda, fenti da kujeru a ƙarshe. Mutanenmu daga fenti suke farawa saboda Sallah ta matso. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, ko zanenta bai goge ba a jefar. Man birki yana shan danshi, a sauya shi duk shekara biyu.

Ka yi yarjejeniya da mai walda cewa yanke ruɓaɓɓen wuri zai yi ya dasa sabon ƙarfe, ba lulluɓe shi ba. Ka biya kashi-kashi, kowane kashi bayan ka gani. Duk abin da aka cire, ko ya lalace, a saka a buhu a rubuta sunansa a ba ka. Wani ƙaramin ƙarfen ado da yaron shago zai shure, kafin ka samo irinsa sai an yi wata uku. Na taɓa barin mota a wani gareji na yi tafiya, na dawo na tarar an yanke wayoyin asali an yi sababbi duk ja, babu mai iya gane wace ta nufi ina. Ka ɗauki hoto kafin a kwance komai, ka adana rasit, domin wannan fayil ɗin wani ɓangare ne na kuɗin motar ranar da za ka sayar.

Mataki na takwas: ajiya da fita

A ajiye ta ƙarƙashin rufi, a kan siminti, inda iska ke ratsawa. Kada a lulluɓe ta da leda ko tampol da damina, gumi take yi a ciki. Da hunturu a rufe ta da yadi mai laushi, kuma kada a goge ƙura a bushe. A sa maganin ɓera, sun fi tsatsa saurin gamawa da waya. A cire kan batir in za ta daɗe. Ka fitar da ita aƙalla sau biyu a wata, tafiyar da za ta kai inji ya yi zafi sosai, domin tada ta minti biyar a tsaye ruwa kawai yake tarawa a salansa.

Inshora da takardar lafiyar mota su cika kafin ta taka titi. Fitar farko kada ka nufi Accra. Ka bi hanyar tafkin Bosomtwe da sassafe, bakanike na biye da kai a wata motar da igiyar ja da galan ɗin ruwa da abin kashe gobara. Tudun rage gudu ka hau shi a karkace, a hankali, salansar waɗannan motoci kusa take da ƙasa. Ka tsaya a Kuntanase ka buɗe bonet, ka duba ɗigo, ka kai hannu kusa da kowace taya ka ji ko wata ta fi sauran zafi, alamar birki na kamawa ke nan. Gangaren Abono kuma ka sauka da ƙaramar giya, ƙafarka na hutawa, idonka na kan allurar zafi a hawan dawowa. Ta Asawase ta yi wannan tafiyar bayan wata goma sha ɗaya a Suame. Da muka dawo ban wuce gida ba, na tsaya a ƙofar Hajiya na yi hon sau biyu, ta leƙo ta ce, "Ɗana, bar ta a kunne tukuna, in sa mayafi."